An Kori Koci, To Sai Wa?

A tsakanin Gashua da Jajimaji muka kori kocinmu, a cikin mota, shi kuwa yana kujerar gaba kusa da direba bai san an yi ba.

Ƙungiyar unguwa ce a Nguru, ba zan kama sunanta ba tunda har gobe muna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure. Ni ne sakatare, wato ni ke riƙe da littafin karo-karo da biro. Mun je Gashua wasa, yaran can suka yi mana ci huɗu da nema, karo na uku ke nan a jere da muka dawo gida kanmu a ƙasa. Motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar injin da warin man zafi da yaran suka shafa a ƙafa. Ni da shugaban ƙungiya muna can kujerar baya, wani Alhaji mai shagon kayan masarufi, wanda shi ya saya mana riguna. Ya matso kusa da kunnena.

"Sakatare, mutumin nan fa ya gaji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, golanmu da zazzaɓi ya buga, 'yan bayanmu biyu kuma ba su zo ba, suna gonar shinkafa."

Ya ce, "Gobe a kasuwa wa za a yi wa dariya? Gola, ko ni da na sayi riguna?"

Ban ba shi amsa ba. Kafin mu shiga Nguru magana ta ƙare, aka ce ni zan kai saƙo.

Na tuna da wannan tafiyar ne a watan Oktoban 2025, lokacin da labarin Kano Pillars ya cika gidajen rediyo. Ranar 12 ga watan, Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Masu gida suna gaba da ci ɗaya, sai baƙi suka rama ana dab da hura usur na tashi. 'Yan kallo suka ɓalle zuwa cikin fili, aka taɓa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9.5, ta zabtare mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Ba a daɗe ba shugabannin Pillars suka dakatar da kocinsu, Evans Ogenyi, saboda rashin kyawun sakamako, suka ɗauko Muhammad Baba Ganaru.

Mu mutanen Nguru muna da dalili biyu na kasa kunne. Na farko, tun da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Kano ya tsaya a garinmu, rabin hankalinmu yana Kano: can fatauci, can karatu, can ƙwallo. Yaro zai tashi a Nguru bai taɓa ganin Ƙofar Mata ba, amma yana ihun "Sai masu gida!" kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. Na biyu, Baba Ganaru namu ne ta wata fuska, domin shi ya riƙe Yobe Desert Stars a kakar 2018, lokacin da ƙungiyar jiharmu take buga babbar gasar ƙasa a filin 27 ga Agusta da ke Damaturu.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda babu wanda ya yi mamaki. Duba tarihin kujerar nan. An kafa Pillars a 1990. Kadiri Ikhana, wanda ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, shi ya kawo wa Kano kofin gasar ƙasa na farko a 2008. Baba Ganaru ya ci biyu a jere, 2012 da 2013, ya tafi Nasarawa United. Okey Emordi, shi ma mai kofin Afirka na 2004 da Enyimba, ya ci na 2014, uku ke nan a jere. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, aka raunata biyar daga cikinsu. Duk da haka Emordi bai kai ƙarshen wannan kakar a kan kujera ba. Wa aka kirawo? Baba Ganaru. Bayan shi aka sake kiran Ikhana, wanda ya ajiye aiki kakar 2017 tana tsakiya, aka miƙa wa Ibrahim Musa, wanda Kanawa ke kira Jugunu.

Daga 2020 zuwa 2025 kuwa sai ka ƙirga da yatsu: Bafaranshe Lionel Soccoia, wanda bai yi ko rabin shekara ba, Jugunu kuma, Salisu Yusuf, faɗawa rukunin 'yan dagaji a 2022, Ogenyi da ya maido su sama a 2023, Abdu Maikaba, Usman Abdallah, wanda ya ci gasar ƙasa da Enyimba a 2019, shi ma aka taɓa dakatar da shi na mako uku a farkon 2025, Ogenyi kuma, Baba Ganaru kuma. A duk wannan zirga-zirgar ko kofi ɗaya bai shiga Kano ba.

Kofi na ƙarshe da ya shiga, labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Oktoban 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, Pillars ta zura wa Enugu Rangers uku da nema. A gidan kallon da nake, har an fara rabon goro. Rangers ta rama ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. In akwai ranar da ta dace a ce wa koci ya tattara nasa ya nasa, to ranar ce, ni ma da bakina na faɗa. Ba a kori Jugunu ba. A watan Yulin 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, shi ɗin dai ya kai su wasan ƙarshe da Niger Tornadoes, aka tashi babu ci, Pillars ta ɗauki kofin a fenariti. Rabon da wata ƙungiyar Kano ta riƙe wannan kofin tun 1953.

To ta yaya ake korar koci? A ƙasar nan abin yana da matakai, kamar saki a gidan da ake jin kunyar surukai. Da farko sai ka ji shugaban ƙungiya ya fito ya ce suna da cikakken ƙwarin gwiwa a kan kocinsu. Duk kocin da ya ji an faɗi haka a kansa, gara ya fara neman kwali. Sai wa'adi: an ba shi wasa uku ya gyara, ko biyu. Sai dakatarwa "har a kammala bincike", a ce mataimakinsa ya yi riƙon ƙwarya. Sai wata rana da daddare a saki takarda a Facebook cewa an raba gari cikin mutunci da fahimtar juna, ana yi masa fatan alheri.

A ganina dakatarwar nan ba don bincike ake yinta ba, don kuɗi ake yi. Koci yana da kwantiragi, na shekara ɗaya ko biyu. In ka kore shi kai tsaye ba tare da laifin da ya saɓa wa takardar ba, sai ka biya shi ragowar watanninsa. In kuwa ka dakatar da shi, ka bar shi a gida yana kallon wani a bencinsa, mai zuciya yakan rubuta takardar ajiye aiki da kansa, shi ke nan an huta. Wanda ya san hanya kuwa yakan kai ƙara. Gernot Rohr, Bajamushen da ya riƙe Super Eagles tun 2016, hukumar ƙwallon ƙasa ta sallame shi a watan Disambar 2021, saura mako huɗu a fara gasar Afirka a Kamaru. Ya kai maganar gaban FIFA, aka umarci Najeriya ta biya shi kusan dala 380,000. Wanda ya gaje shi na riƙo, Augustine Eguavoen, ya ci wasa uku na rukuni, gari ya ɗauka an rabu da ƙaya. Tunisiya ta fitar da mu a zagaye na gaba, Ghana kuma ta hana mu zuwa gasar duniya a Abuja a watan Maris na 2022.

Akwai wani abu kuma da mai sauraron rediyo kan rikice a kai. A ƙungiyoyinmu sau da yawa babban koci ba shi ne babba ba. Akwai wanda ke samansa, mai ba da shawara kan dabarun wasa, wanda 'yan ƙwallo ke taƙaita sunan muƙaminsa su ce Ti-E. Shi ne mai fitar da sunayen 'yan wasa, shi ne mai tsayuwa a bakin layi. Wani lokaci kuma wannan muƙamin shi ne hanyar kora ta cikin ladabi: ba a ce maka ka tafi ba, an dai kawo wani an ɗora a kanka. Kana nan da sunanka na babban koci, aikinka jera robobin atisaye.

A Turai, inda muke kallo ta talabijin a gidajen kallo na kwano da benci, lissafin iri ɗaya ne, sifili ne kawai ya fi yawa. Manchester United ta ci kofin FA a watan Mayun 2024 da Erik ten Hag, ta ƙara masa wa'adin kwantiragi a Yuli, ta kore shi ranar 28 ga Oktoba, washegarin da West Ham ta doke su biyu da ɗaya. Sallamarsa shi da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4. Ɗauko Ruben Amorim da mutanensa daga Sporting ta Fotugal ya ci wajen fam miliyan 11, domin koci mai aiki a hannu sai ka biya masu shi kafin su sake shi. Lokacin da aka kori ten Hag ƙungiyar tana ta 14 a teburi. Da Amorim ta ƙare kakar tana ta 15. A watan Janairun 2026 shi ma aka nuna masa ƙofa. Na san wani mai gyaran babur a Gashua da ya yi alwashin ba zai ƙara biyan kuɗin shiga gidan kallo ba sai an kori ten Hag. An kore shi ya dawo, bayan wata uku ya sake yin alwashin da sabon suna.

Can ma ba kofi ne ke tsare kujera ba. Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea kofin zakarun Turai na farko a tarihinta a watan Mayun 2012, Nuwamba bai ƙare ba yana gida. Claudio Ranieri ya yi abin da ba a taɓa zato ba da Leicester a 2016, aka sallame shi a Fabrairun 2017. Tottenham ta ci kofin Europa a 2025, kofinta na farko cikin shekara 17, bayan kwana 16 ta kori wanda ya ci mata shi.

Dalilin bai wuce abin da Alhaji ya raɗa mini a mota ba. In ƙungiya ta shiga halin ni-'yasu, akwai mutum huɗu da za a iya ɗora wa laifi: mai ƙungiya, shugabanninta, 'yan wasa, koci. Mai ƙungiya ba ya korar kansa. Shugabanni su ke riƙe da biro. 'Yan wasa sun kai talatin, ba a kuma sayen sababbi sai an buɗe kasuwar musaya. Saura mutum ɗaya. A wurinmu abin ya ƙara tsanani domin yawancin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne: Pillars ta Kano, El-Kanemi Warriors ta Barno, Wikki Tourists ta Bauchi, Katsina United, Desert Stars tamu. Gwamna ke naɗa shugabanni, kuɗi daga baitulmalin jiha yake fitowa in ya fito. Shugaban da ya ga 'yan kallo sun fara ambaton sunansa a rediyo ya san sauran kaɗan maganar ta isa gidan gwamnati. Kafin ta isa, sai ya miƙa musu kan koci su rage zafi.

Kora dai ba wuya, kwana ɗaya ta ishe ta. Neman magaji shi ne aikin.

Manyan ƙungiyoyin Turai masu tsari suna da daraktan wasanni, mutumin da aikinsa ke nan ya riƙe jerin sunaye a aljihu tun kocin da ke kai yana cin wasa. Yana duba wane salo ƙungiyar ke bugawa, waɗanne 'yan wasa aka riga aka saya da tsada, wane koci ne zai iya aiki da su ba sai an zubar an sake sabon zubi ba. Sai a tuntuɓi wakilin kocin a ɓoye, a daidaita albashi, a daidaita diyyar da za a ba ƙungiyarsa, a daidaita mataimaka nawa zai zo da su. Inda aka yi sakaci da wannan, kamar yadda ya faru da Amorim, sai a kawo mai tsarin 'yan baya uku a ba shi 'yan wasan da aka tara don tsarin 'yan baya huɗu, a ce ya yi abin al'ajabi a tsakiyar kaka. Hukumar ƙwallonmu ma ta taɓa nuna mana yadda gaggawa ke kunyata mutum: a watan Agustan 2024 ta sanar da Bajamushe Bruno Labbadia a matsayin sabon kocin Super Eagles, kafin mako ya zagayo magana ta watse a kan batun haraji, mutumin ko jirgi bai hau ba. Sai a Janairun 2025 aka samu Eric Chelle, ɗan Mali.

A gasar cikin gida kuwa, kasuwar ƙarama ce. Ana buƙatar mai lasisin horarwa na hukumar ƙwallon Afirka, wanda ya san hanyoyin ƙasar nan, ya san yadda ake kwana biyu a mota daga Maiduguri zuwa Uyo a sauka a buga wasa, ya san yadda ake lallashin yaron da ke bin albashin wata uku. Masu wannan siffar ba su da yawa, shi ya sa sunayen suke ta zagayawa kamar kwanon cin abincin gidan yawa. Maikaba ya yi Wikki, ya yi Akwa United har ya ci mata kofin ƙalubale a 2017, ya yi Plateau United, ya zo Pillars. Baba Ganaru ya yi Kano, Lafiya, Damaturu, Maiduguri, Makurdi, Gombe, ya sake dawowa Kano. Wanda ka kora bara saboda ya gaza, shi ne baɗi za ka aika wa mota saboda ya ƙware.

Mu a tamu ƙaramar ƙungiyar ba mu da jerin sunaye ko a kan takardar ƙosai. Na je gidan kocin bayan sallar isha'i. Malamin firamare ne, ya girme ni da kusan shekara goma. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, ina maganar hutu da yawan hidimar makaranta.

Ya ce, "Sakatare, faɗi abin da aka aiko ka."

Na ce, "Malam, kwamiti ne ya ga ya kamata ka ɗan huta."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To madalla. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya shiga ciki ya fito da buhun rigunan da matarsa ta riga ta wanke, da ƙwallo biyu, da usur. "Ga kayanku. Sauran ƙwallo ukun da famfon nawa ne, amma in kuna so ku ara."

Sai a lokacin na san cewa cikin ƙwallo biyar da muke taƙama da su, biyu ne namu.

Mako guda muna neman magaji. Mutum uku suka nuna sha'awa. Ɗaya tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta hana shi ci gaba, amma ya ce sai an yanka masa albashi. Ɗaya kuma ƙanin Alhaji ne, wanda ko Alhajin bai goyi bayansa da ƙarfi ba. Na uku wani saurayi ne da ya dawo daga karatu, bakinsa cike da huɗu-uku-uku da matsa lamba tun daga gaba, yana zana fili a ƙasa da tsinke yana ambaton Guardiola. Ya burge mu ƙwarai. Shi muka ɗauka.

Ranar farko ya sa atisaye ƙarfe huɗu daidai, ya ce wanda ya makara ba zai buga ba. Yara shida suka zo. Bai san cewa rabin 'yan wasanmu suna Islamiyya har biyar ba, wasu kuma sai sun dawo daga kai wa iyayensu kifi kasuwa. Malam ya san wannan duka, shi ya sa yake farawa biyar da kwata ya ƙare ana kiran magariba. Bai san cewa filin da muke atisaye na makarantar su Malam ne ba, hedimasta don shi ya ba da izini, ba don mu ba. Bai san cewa mahaifin ɗan gabanmu mai cin ƙwallo, wani dattijo da ke ganin tamaula aikin banza ce, ya yarda yaron ya riƙa zuwa ne kawai saboda Malam ya je har gida ya durƙusa ya ɗauki alkawarin shi zai riƙa duba littattafansa. Da dattijon ya ji an canza koci, ya ce to alkawari ya tashi. Ba mu kuma san cewa kuɗin fiya-wata na kowace ranar wasa daga aljihun Malam yake fita ba, sai da muka ga yara suna kallonmu a lokacin hutun rabin lokaci.

Duk da haka muka ci wasanmu na farko da sabon koci, uku da ɗaya. Alhaji ya zagaya kasuwa yana cewa, "Ba na faɗa muku ba?"

Wannan nasarar ta farko ita ce ke ruɗin duniyar ƙwallo baki ɗaya, daga unguwarmu har Landan. Ana korar koci ne a lokacin da abubuwa suka kai maƙura wajen lalacewa: an haɗu da manyan abokan karawa a jere, gola ba lafiya, ƙwallo tana dukan turke tana dawowa, alƙali ya hana fenariti. Irin wannan taron tsautsayi ba ya ɗorewa, ko an canza koci ko ba a canza ba. Kowa a Gashua ya san yadda kogin Yobe ke komawa a ƙarshen rani, ya zama 'yan kududdufai da rairayi, yara suna tsallakawa da ƙafa. Baƙon da ya sauka a garin a wannan lokacin, bayan 'yan makonni ruwan Haɗeja da na Jama'are ya iso kogi ya cika, ba za a ce shi ya zo da ruwa ba. Mu ranar da muka ci uku da ɗaya, golanmu ya warke, 'yan bayanmu sun gama aikin gona, waɗanda muka kara da su kuma ko Malam yakan ba su huɗu.

Ba ina cewa kora ba ta taɓa yin amfani ba. Wani lokaci koci da 'yan wasansa sukan kai inda ba mai jin maganar wani, yana magana suna kallon takalmansu. In an kai nan, ko shi ne ya fi kowa sani, zamansa ɓata lokaci ne. Chelsea ta sallami Frank Lampard a Janairun 2021, Thomas Tuchel ya karɓi yaran nan dai ya ci kofin zakarun Turai da su a watan Mayu. Na Kwaddibuwa ya fi wannan ban mamaki. A gasar Afirka da ta karɓi baƙunci a farkon 2024, Ikwatoriyal Gini ta yi mata huɗu da nema a Abijan, aka kori Jean-Louis Gasset gasa tana tsakiya. Suka nemi aron Hervé Renard daga Faransa, aka hana su. Dole suka miƙa wa mataimaki, Emerse Faé, wanda bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. Ranar 11 ga Fabrairu ya doke mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, muna zaune a kan benci a Nguru janareta yana ta kuka. Amma a lura, Faé ba daga sama ya faɗo ba. Yana cikin sansanin tun farko, ya san wanda ke fushi, ya san wanda aka ajiye a benci ba bisa ƙa'ida ba. Abin da saurayinmu mai tsinke ya rasa ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwatanta mu da Remo Stars. A kakar 2019, da aka raba gasar gida biyu, ƙungiya takwas suka faɗo, ciki har da Yobe Desert Stars da El-Kanemi da wannan Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun. Tare muka faɗo. Ita ba ta gwamnati ba ce, ta wani ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, wanda ya gina mata fili da makarantar renon yara. Da ta dawo sama ta yi na uku a 2022, daga nan koci ɗaya ta riƙe, Daniel Ogunmodede. Ya yi na biyu a 2023, na biyu kuma a 2024. A wani wurin da tuni an ce ba shi da sa'ar kofi, a nemo mai sa'a. A 2025 ya ɗauki gasar. Mu kuwa yaran Nguru da Gashua da Geidam da ke buga ƙwallo ba takalmi a kan rairayi, wanda duk ya taɓa gudu a kansa ya san irin ƙarfin ƙafar da yake ginawa, in sun yi fice sai dai su nufi Kano ko Maiduguri neman gwaji.

Saurayinmu ya yi wata biyu da 'yan kwanaki. Bayan nasarar farko aka yi canjaras ɗaya, aka doke mu biyu. Kafin Alhaji ya sake matsowa kusa da kunnena, yaron ya samu aiki a Damaturu ya tafi, ya turo mini saƙon ban kwana ta waya. Aka ce in koma wurin Malam in ba shi haƙuri. Na je. Ya karɓe ni kamar ba abin da ya faru, amma ya ce ya riga ya tara wasu yara 'yan ƙasa da shekara goma sha uku, ba zai iya barinsu ba. Cikin watanni kaɗan manyan 'yan wasanmu suka watse, wasu suka koma wata ƙungiyar, wasu suka kama sana'a. Rigunan suna nan a shagon Alhaji cikin buhu, littafin karo-karo yana wurina.

Da yammacin ranar da aka sanar da sabon kocin Pillars na bi ta bayan makarantar a kan babur. Hazo bai sauko ba tukuna, amma iska ta fara sauyawa. Malam yana tsakiyar fili da yaransa wajen ashirin, furfura ta cika masa gemu, yana tafa hannu yana ihu don ba shi da abin hurawa. Na tsaya muka gaisa.

"Malam, ka ji Pillars sun dakatar da Ogenyi?"

"Na ji. Wa suka ɗauko?"

"Baba Ganaru."

Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ya sake dawowa ke nan." Ya juya ya daka wa wani ɗan ƙaramin yaro tsawa ya daina tsayawa a bayan gola, sannan ya waiwayo.

"Sakatare, usur ɗin nan da na ba ka, in ba kwa amfani da shi, turo mini da shi gobe kafin biyar da kwata."